Sakan Arba'in a Durumi

Malam Enoch Yamusa ya yi shekara goma sha huɗu yana koyar da labarin ƙasa a wata makarantar kuɗi da ke bayan tashar Nyanya. Mutumin Kuje ne, ɗan manoman doya, dogo siriri, yana tafiya a ɗan sunkuye kamar wanda ya yar da abu yana nema. Ni kuwa sunana Farouk, daga Zariya na zo. Ina da shagon gyaran waya a bakin hanyar da yake bi in ya taso daga makaranta, kuma ina taɓa haɗa bidiyon biki da na suna a kwamfuta. A wannan shago muka saba. Yakan tsaya ya sa cajin waya, ya zauna a benci yana ba ni labarin duwatsu da rafuka har wayar ta cika.

A farkon shekarar 2022 mai makarantar ya sayar da ginin, aka mayar da shi masaukin baƙi, malamai suka watse. Enoch ya zaga makarantu da takardunsa a cikin ambulan har ambulan ɗin ta yi laushi. Ko'ina malamin lissafi ake nema ko na Turanci. Matarsa Christiana, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Karu, ita ta ɗauki nauyin gidan, shi kuma yana yi wa yaran maƙwabta lesin da yamma.

Wata rana ya shigo shagona da wani littafin rubutu mai kauri, ya ajiye a kan tebur.

"Oga Farouk, ina so in buɗe tasha a YouTube."

Na yi dariya. "Ticha, barkwanci za ka fara ko wa'azi?"

"Ba ko ɗaya. Darasi ne, amma ba na allo ba. Zan ɗauki tambaya guda ɗaya in bi ta har ƙarshe, da hotuna, da taswira, da muryar tsofaffi. Ni zan rubuta, ni zan karanta. Kai za ka haɗa min."

Na buɗe littafin. Ya cika shi da rubutu ƙanana, har gefen shafi bai bari ba. A bangon ya rubuta sunan tashar da manyan haruffa: Kafin Kwalta.

Bidiyonsa na farko minti ashirin da takwas ne, a kan wani rafi da ke bayan ƙauyen kakansa kafin a tashe su a gina birni. Ya bi sawun rafin da ƙafa, ya nuna inda ya shige ƙarƙashin titi, da inda ya fito ya zama kwatami a bayan wasu gidaje masu dogayen katangu. Naɗar muryar ita ce wahala, don Nyanya ba ta yin shiru. In ba janareta ba to ƴan acaba, in ba su ba to lasifikar mai maganin gargajiya. Sai ya riƙa jira har tsakar rana, lokacin da maƙwabta sun tafi aiki, ya shiga ɗaki ya rufe taga, ya lulluɓa da bargo har ka, ya karanta rubutunsa cikin waya. Yakan fito sharkaf da gumi, ido jajir, ya kawo min in haɗa.

A sati na farko mutum sittin da ɗaya suka kalla. Yawancinsu tsofaffin ɗalibansa ne da ƴan cocinsu. Duk wanda ya rubuta sharhi, ko da "sannu da ƙoƙari" ne, sai Enoch ya ba shi amsa mai tsawo. Wani ya yi masa ba'a a kan Hausarsa, wai bai san bambancin "ya" da "ta" ba. Ya amsa masa da cewa gaskiya ne, a kasuwar Kuje ya koyi Hausa, kuma yana godiya da gyara.

Ba abin da bai gwada ba don a samu masu kallo. Ya tura bidiyon a duk wani zauren WhatsApp da yake ciki, har ƴan zauren tsofaffin ɗaliban kwalejinsu suka cire shi. Ya roƙi fastonsu ya yi sanarwa bayan sujada. Ya rubuta sunan tashar a ƴan guntayen takardu yana rarrabawa cikin doguwar bas idan gosulo ya tsayar da ita a hanyar shiga gari. Wasu su karɓa su sa a aljihu, wasu su zubar ta taga yana kallo. Bayan wata goma ya fitar da bidiyo goma sha huɗu, mabiyansa ɗari uku da goma sha biyu.

Abin da ya fi ci masa rai ba yawan mutanen ba ne. Akwai wani shafi da ke nuna wa mai tasha daidai inda masu kallo suke barin bidiyo. Yakan sa in buɗe masa, ya zuba wa layin ido. Layin yakan fara daga sama, ya gangaro kamar an turo shi daga kan dutse, kafin minti biyu ya kwanta a ƙasa.

"A aji in yaro ya gaji, barci kawai zai yi," in ji shi wata rana. "Amma yana nan, ina ganinsa. Waɗannan tashi suke yi su fita ina tsakiyar magana."

Na gaya masa abin da na sani. Ya rage tsawo. Ya fara da ihu, ba da gaisuwa ba. Ya sa hoton fuskarsa a gaba, baki buɗe, da jan kibiya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ba zai iya buɗe baki a hoto ba, ɗalibansa za su gani.

A cikin shekara ta biyu ya fara aiki a kan wata unguwa a Durumi, inda mutane suka yi shekaru suna zaune ba tare da ko takarda ɗaya ta fili ba. Yana so ya gane yadda mutum zai haifi ƴaƴa a wuri, ya aurar da su a wurin, amma a taswira wurin fili ne ba kowa. A can ya haɗu da Zulai, mutuniyar Funtuwa, mai sayar wa leburori shinkafa da wake. Shekarunta za su kai hamsin. Mijinta ya rasu shekarar da ta wuce, ya bar mata ɗaki biyu na bulo da ya gina da hannunsa, da ƴarsu Mashkura da ke aji biyar a sakandare. Enoch ya yi sati uku yana zuwa wurinta. Ta yarda ya naɗi hirarsu. Duk zuwan da zai yi sai ta zuba masa abinci, in ya ce ya ƙoshi ta ce, "Malam, ba a yin tambaya da yunwa, ci tukuna."

Ran wata Talata da safe ya je don ya ƙarasa hirar, ya tarar da katafila biyu a bakin unguwar. Wani kamfani ne ya zo da takardu ya ce filin nasa ne. Jan fentin da aka shafa a bangwaye watanni da suka wuce, wanda kowa ya ɗauka barazana ce kawai, ashe ranar ake jira. Enoch ya ciro waya ya fara ɗauka. Ya ɗauki maza suna cire kwanon rufi da gaggawa, mata suna jan katifu zuwa bakin titi. Ya ɗauki Zulai lokacin da katafila ta doso ɗakinta. Ta fito a guje, ɗankwali ya faɗi, ta tsaya a gaban ƙarfen ta ɗaga hannu biyu tana ihu:

"Ku tsaya! Tukunyata tana kan wuta! Tukunyata tana kan wuta!"

Wasu maza biyu suka janye ta. Bangon ya faɗi.

Enoch ya yi sati biyu yana rubutu. Ya fitar da bidiyo mai minti talatin da huɗu, wanda a ganina ya fi duk abin da ya taɓa yi. Ya bi tarihin wurin, ya sa muryar Zulai tana ba da labarin yadda mijinta ya riƙa sayen bulo kaɗan-kaɗan yana tarawa. Rusau ɗin yana can wajen ƙarshe. Mutum ɗari huɗu suka buɗe bidiyon, kuma layin nan ya nuna cewa da ƙyar mutum talatin suka kai wurin.

A nan ne na shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Ni na yanko wurin ihun, sakan arba'in cif, na juya shi a tsaye yadda zai cika fuskar waya, na rubuta sunan tashar a ƙasa. Da ya zo na nuna masa.

"Wannan za mu sa shi kaɗai, Ticha. Wanda ya gani zai zo ya nemi dogon."

Ya kalla sau biyu. "Ban tambaye ta wannan ba."

"Ai ta yarda da dogon, kuma wannan a cikin dogon yake. Ba ka so duniya ta san abin da aka yi musu?"

Wani kwastoma ya shigo, na sallame shi, na dawo, yana nan zaune da wayar a hannu. Sannan ya ce, "Sa."

Kafin kwana uku guntun bidiyon ya karaɗe ko'ina. Wayar Enoch ta riƙa ƙara ba tsayawa har ta yi zafi. Mabiya suka tashi daga ɗari uku da ɗoriya suka haura dubu goma sha tara. Abokan aikin Christiana suna nuna mata a asibiti suna cewa mijinki ya yi suna. Ya zo shagona da tsire a takarda, muka ci tare da maƙwabtana. Ban taɓa ganin haƙoransa a waje kamar ranar ba. Ya ce yanzu in ya yi magana akwai masu ji, yana da batutuwa goma sha biyu a littafi suna jira.

A rana ta biyar wani ya ɗauki muryar Zulai ya ɗora mata kiɗa. Ba mu san ko wane ne ba. Ƴan mata suka fara rawa da ita, suna ɗaga hannu biyu kamar yadda ta yi. Masu barkwanci suka ɗaura zane suna gudu da tukunya a ka. Kalmar ta fito daga waya ta shiga titi. Enoch ya gaya min cewa wata rana yana cikin bas a hanyar shiga gari, gosulo ya kafe, sai wani saurayi ya leƙa ta taga ya ƙwala, "Direba, tukunyata tana kan wuta!" Duk motar ta fashe da dariya, har da wata dattijuwa da ke zaune kusa da shi. Ya sauka tun bai kai inda za shi ba.

Duk da haka bai goge guntun bidiyon ba. Ya ce mutanen sun riga sun zo, bari ya ba su abin kirki. Ya fitar da bidiyo a kan ma'aikatan Nyanya da ke ƙarar da awa huɗu a hanya kullum, da abin da hakan ke yi wa gidajensu. Cikin mabiya dubu goma sha tara, ɗari biyar ne suka buɗe. Sharhin da ke ƙasa kusan iri ɗaya ne. "Oga, surutu ya yi yawa." "Ina matar tukunya?" "A kawo mana rusau." Wasu har suna turo masa saƙo da sunan unguwar da suka ji za a rusa gobe, su ce ya je da wuri.

Kuma ya je. Sau biyu. Ya kawo min abin da ya ɗauka, na yanka, muka sa, mabiya suka ƙaru. Bayan na biyun ya zauna a bencina, riga duk ƙura, bai ciro wayar ba.

"Oga Farouk, ka san abin da na yi yau? Akwai wata mata tana kwashe kaya, ba ta kuka, ba ta ihu. Na tsaya da waya a kanta ina jira. Ina jira ta faɗi. Da ta gama ta tafi lafiya, sai na ji haushi."



Christiana ce ta ƙarasa maganar. Ta zo shagon da kanta da yammar wata Asabar, da kayan aiki a jikinta, ta same mu tare. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wata mai jinya ta kunna waƙar a ɗakin masu haihuwa, ana ta dariya, ita kuma ta fita ta tsaya a baranda.

"Baban Wisdom," haka take kiransa da sunan ɗansu na fari, "wannan matar ta ba ka abinci sati uku. Ka san inda take kwana yanzu?"

Bai sani ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Kwana huɗu ya yi yana nemanta. Lambar wayarta a kashe. Daga baya wani lebura da ke cin abincinta ya ce ta dawo nan Nyanya, tana zaune a wani kango da ɗan'uwan mijinta ke gadi. Enoch ya ce in raka shi. Ban so ba, amma na je.

Kangon ba ƙofa ba taga, an rataye buhu a maimakon labule. Muka yi sallama. Zulai ta fito, ta rame, ta ja mayafi har ya kusa rufe mata fuska. Ta gane shi. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta zauna nesa kaɗan. Aka gaisa yadda ya kamata, ta tambayi iyalinsa. Sannan ya fara ba da haƙuri, yana ta kewaye-kewaye, Hausar tana kakare masa. Ta bar shi ya gama.

"Malam, ni ban ma san na faɗi haka ba," in ji ta. "Sai da Mashkura ta nuna min. Ɗakin da marigayi ya gina ake rushewa, ban san me ya sa bakina ya kama tukunya ba. Da sunansa na kira, ƙila da ba a yi dariya ba."

Ta ce ta gwada kafa murhu a kusa da tasha. Rana ta farko ƴan kamasho suka gane ta, suka zagaye ta da wayoyi, wai ta maimaita su ɗauka. Wani har ya ce zai sayi abincin duka in ta ɗaga hannu ta faɗa. Ta kwashe kayanta ta dawo. Mashkura kuwa ta daina zuwa makaranta, don da ta shiga aji sai a fara buga tebur ana rera waƙar. Yarinyar tana cikin ɗakin lokacin da muke magana, muna jin motsinta, amma ba ta fito ba.

"Mama, zan goge shi yau," in ji Enoch.

"Ka goge, Malam. Na wayarka za ka goge."

Ta juyo ta dube ni. "Wannan fa?"

Enoch ya ce abokinsa ne. Bai ce ni na yanka ba. Ni ma na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana damuna.

A ranar ya goge guntun bidiyon, da sauran biyun na rusau. Na sa kalmar a wurin bincike don in ga ko an samu sauƙi. Kwafi ya fi ƙarfin ƙirga, kowa da sunan tasharsa a jiki. Enoch ya zauna yana tura wa masu su saƙo ɗaya bayan ɗaya, yana roƙo su cire. Biyu suka cire. Wani ya ba shi amsa da hoton dariya. Wani ya ce baƙin ciki yake yi don an fi shi masu kallo.

Ya yi bidiyo na ƙarshe, minti goma sha ɗaya, ba taswira ba hoto, shi kaɗai a gaban bango. Ya faɗi abin da ya yi da abin da ya jawo, bai ambaci sunanta ba, bai ambaci nawa ba. Ya roƙi duk wanda ke da muryar a wayarsa ya cire. Mutum dubu da ɗari biyu suka kalla, wanda ya fi duk dogayen bidiyonsa. Bayan kwana biyu na ga wani ya yanko wurin da muryarsa ta karye, shi ma an ɗora masa kiɗa.

Zulai ta koma Funtuwa kafin ƙarshen damina. Christiana ta ji labarin ranar tafiyar, ta sa Enoch ya je tasha. Ya tarar an riga an ɗaure kayanta a saman mota, ita da Mashkura suna kujerar baya. Ya tsaya a jikin taga ya yi musu addu'ar sauka lafiya. Zulai ta ce amin, ta ce ya gaida madam. Mashkura ta kawar da kai, ta sa littafi ta kare fuskarta har motar ta fita.

Tashar tana nan har yanzu, bai rufe ta ba, bai kuma ƙara sa komai ba. Mabiyan ba su ragu sosai ba, don yawancinsu sun manta ma suna bin ta. Enoch ya kwashe iyalinsa sun koma Kuje a bara. Ya samu koyarwa a wata firamare, yana ba da kowane darasi aka ce ya ba da, ran Asabar kuma yana gonar ƙaninsa. Christiana tana fita tun da asuba don ta kai Karu a kan lokaci.

Ba mu yi faɗa da shi ba, sai dai zumuncin ya yi sanyi. Watan jiya na je Kuje gyaran wasu kwamfutoci, na hango shi a ƙofar makarantar yana raba faɗan wasu yara biyu. Ya ƙara furfura. Muka gaisa, ya tambayi kasuwa, na tambayi madam da yara. Na so in ce masa wani abu a kan ranar da muka je kangon nan, amma aka kaɗa ƙararrawa, ya ce yana da darasi a aji uku yanzu, ya kama hannun yaran biyu ya shige ciki.